Kofin Nicanor

Ina cikin ɗaure kiret na uku a bayan keke da tsohuwar robar taya sai na ji an riƙe kan keken. Na ɗago. Yovana ce, matar ɗana, hannuwanta duk kumfar sabulu, silifas ɗin ƙafarta wari nata wari na mijinta.

"Baba, ina za ka kai giyar nan?"

"Inda aka aike ni, 'yata."

"Ina aka aike ka?"

Na sunkuya ina ƙara jan robar da ta riga ta ɗaure tamau. Yanzun nan Doña Peta mai shago ta fito da kwalaben daga firij, suna ta zufa, sanyinsu na dukan bayan hannuna.

"Gidan da ake zuba wa kankaren rufi ne a layin makabarta, ko ba can ba ne? Inda Nicanor yake aiki?"

"Can ne."

"To ba za ka je ba."

Doña Peta ta leƙo ta tagar shagonta tana fifita da murfin kwali. "Ke yarinya, sakar wa tsoho kekensa, giya na hucewa. Mutane tun asuba suke ɗaukar kankare a kafaɗa, so kike su sha ruwan kwata kamar jakuna?"

"Mijina yana cikinsu, Doña Peta."

"Mijinki ai ba jariri ba ne. Kofi ɗaya bai taɓa kashe kowa ba. In surukinki bai kai ba, ga mai babur can yana hamma, shi zai kai."

A nan kam gaskiya ta faɗa, Yovana ma ta sani. Ta dube ni, idanunta sun yi ja, ta sassauta murya don kada matar ta ji.

"Baba, kai ka wanke tsakar gidan nan ranar. Kai ka gani da idonka."

"Na gani."

"To?"

"Gara ni in kai," na ce. "In ni na kai, ina wurin."

Ta saki keken. Inda ta riƙe ɗin ya bar kumfa a kan ƙarfen, na share da gefen rigata.

*

Ana gab da Kirsimeti ne Nicanor ya fito da safe zai wanke fuska, ya durƙusa a bakin famfo, sai jini. Ba irin jinin yanka ba, wani baƙi-baƙi ne mai guda-guda. Kajin gidan suka taho a guje za su tsattsaga, na kore su da tsintsiya. Likitan da ya duba shi a birnin Chiclayo ya kira mu gefe, ni da Yovana, ya ɗora yatsa a kan nasa maƙogwaron.

"Hantarsa ta bushe kamar tsohon takalmi," ya ce. "Jinin da ya rasa hanya ya taru a jijiyoyin nan, sun kumbura kamar balan-balan da aka hura ya wuce kima. In ya koma sha, ɗaya ta fashe, kada ku wahalar da kanku da neman mota. Ku kira Fada, limamin coci."

Ni karatuna a aji uku ya tsaya, amma wannan na gane shi sarai. Tun daga ranar, in Nicanor yana cin abinci, maƙogwaronsa nake kallo.

Ya daina sha. Sai aiki ya ɗauke masa ƙafa. A garinmu Ferreñafe ba a ofis ake raba aikin gini ba, a bakin titi ake raba shi ranar Asabar, ana zaune a kan kiret. Kowa ya san yadda muke sha: da'ira ɗaya, kwalba ɗaya, kofi ɗaya. Ka karɓi kwalba ka jira kofi, ka zuba, ka miƙa kwalbar ga na damanka, ka shanye, ka yarfe kumfar a ƙasa, ka miƙa masa kofin. Wanda ya ƙi karɓa, kamar ya ce bakin sauran ƙazami ne. Mutum zai iya zagar maka uwa ku shirya da yamma. Wanda ya mayar da kofi kuwa, har a gidan makokinsa sai an tuna masa.

Nicanor ya koma bin ɗaya gefen titin. Suka sa masa suna Fasto. Wasu suka ce mijin-ta-ce ne, Yovana ke shinshina bakinsa a bakin ƙofa kafin ta bar shi ya shiga. Ya zauna a gida yana gyara akurkin da ba abin da ya same shi, shinkafar gidan na raguwa, takalmin makarantar 'yarsa ya buɗe baki. Sai a makon nan Maestro Eufemio, shugaban magina, ya rasa mutum ɗaya na zuba dakin, wato rufin kankare, ya aiko masa. Eufemio compadre ɗina ne, shi ya riƙe Nicanor ranar baftisma, don haka uba ne na biyu a wurinsa, Padrino yake kiransa. Shi ya fara danƙa masa cokalin gini. Shi kuma ya fara danƙa masa kofi.

*

Kiret uku ba wasa ba ne ga mai shekaruna. Kan keken yakan yi sauƙi kamar zai tashi sama, dole ka kwanta a kansa. Tun ina da baƙin gashi nake wannan aiki, kuma na daɗe da lura kwalabe na magana. In bikin aure za su, ƙararsu siririya ce, kamar 'yan mata na dariya a bayan ƙofa. In gidan makoki ne, gunaguni suke yi. Na taɓa gaya wa Fada, ya ce in rage zama cikin rana. Ran nan haƙora suke kaɗawa kamar mai zazzaɓi.

A kan gadar magudanar da ke kai ruwa gonakin shinkafa na tsaya, ƙafa ɗaya a ƙasa. Ruwan yana tafe a hankali, ɗauke da ɓawon kankana. Ɗan karkatawa kaɗan kawai, shi ke nan, a ce tsoho ya faɗi. Amma sai mai babur ya kai wata, ni kuma ina gida ana shafa mini man zafi a ƙugu. Na sake taka feda.

Asabar ce, ko'ina an fito da kujerun roba bakin ƙofa. Duk inda na bi ana ɗaga mini kofi.

"Don Cleto! Sauke ɗaya a nan, mu ma 'ya'yan Allah ne!"

"Tsoho, a hankali, kayan da ka ɗauko sun fi ka daraja!"

Har da ɗan sandan unguwa a wata da'irar, ya cire hula ya maƙale a hammata, wai don kada a ce yana bakin aiki. A jikin bangon coci kuwa Zenón ne kwance, bakinsa a buɗe, wani kare mara gashi yana shinshina masa kunne. A da babu mai shafen siminti kamar Zenón a garin nan, rabin gidajen dandali hannunsa ne. Na rage gudu don in kauce wa ƙafarsa, sai na ji wani daga cikin mazauna inuwar yana cewa, "Ya kamata hukuma ta kwashe irin waɗannan, suna ɓata mana gari. In ba ka iya sha ba, ka zauna a gida mana." Yana faɗa yana yarfe kumfa, yana miƙa kofi.

*

Na tarar sun gama. Injin kwaɓa kankare ya yi shiru, ana wanke masa ciki. A saman sabon rufin an ɗaure gicciye da jajayen furanni a jikin rodi, an riga an fasa kwalbar sa albarka, gilashinta na ƙyalli a kan tsakuwa. An tare layin da igiya daga wannan bango zuwa wancan, an jera benci a tsakiyar titi, rediyo na kiɗa daga taga. Matar gidan da ƙannenta suna raba shinkafa da naman agwagwa.

Leburorin sun yi fari fat da siminti, ido da baki kawai ake gani, kamar mutanen da aka tono. Na daɗe ina dubawa kafin na gane nawa. Yana zaune a kan garwar da ya yini yana hawa da ita, kafaɗarsa ta hagu ta saɓule, naman ya yi ja. Da ya gan ni ya miƙe ya zo ya kama mini sauke kaya.

"Baba, don me kai ka kawo?"

"Ka ci abinci?"

"Na ci."

"To ɗauki rigarka ka wuce gida. Yanzu, kafin a buɗe."

Ya girgiza kai, bai dube ni ba. "Padrino ya samu aikin ginin makaranta a garin Pítipo, aikin wata da watanni. Yau zai faɗi waɗanda zai tafi da su. In na tashi kafin shi, ka san sauran."

"To me za ka yi in kofi ya zo?"

"Zan ce ina shan magani."

"Ka taɓa ganin wanda wannan ya cece shi?"

Ya haɗiye yawu, na ga ƙashin maƙogwaronsa ya hau ya sauka.

"Compadre Cleto!" Muryar Eufemio ce, mai kauri kamar ana jan benci. Ya buɗe hannuwa, tumbinsa a gaba. "Ka kawo rai! Zo nan, yau ba za ka juya da ƙishi ba. Kwaɗo, ba wa tsoho wuri."

Kwaɗo wani lebura ne gajere mai faɗin baki, ba a taɓa jin ya yi shiru ba sai in yana haɗiya. Ya matsa yana cewa, "Mai kawo wa mutane, shi kuma sai dai ya shinshina. Uban Fasto ke nan, ai Bishop ne."

Aka yi dariya. Da'ira ta haɗu. Ni ban zauna inda Kwaɗo ya nuna ba, na kutsa na tsaya a hagun Nicanor, inda kofi zai biyo ta kaina kafin ya kai gare shi.

Eufemio ya ɓalle murfin farko da gefen cokalin gini, ya zuba, ya ɗiga kaɗan a ƙasa don gidan, ya ce, "Lafiya!" Kwalba ta fara tafiya, kofi na bin ta a baya kamar ɗan akuya. Ina kallonsu suna matsowa, hannu zuwa hannu, kowane hannu da siminti a farce. Na ji numfashin Nicanor a gefena, gajere-gajere.

Da ta zo gare ni na zuba, na shanye, na yarfe. Amma ban miƙa kwalbar ba. Na sake cika kofin.

"Wannan na Nicanor ne," na ce, na kafa kai na shanye. Sannan na miƙa hannu ta gaban ƙirjin ɗana, na ba na damansa kwalba da kofi.

Mutumin bai karɓa ba. Ya dubi Eufemio.

"Compadre," in ji Eufemio a hankali, "kofin nan bai san tsallake ba."

"Ba tsallake aka yi ba. An sha masa."

"Bakinsa ciwo yake? Ko namu bakin ne ke wari?"

"Padrino," in ji Nicanor, "likita ne ya ce..."

"Likita!" Kwaɗo ya tafa hannu. "Ni likita ya ce mini in daina mata, ga ni da 'ya'ya a unguwa uku! Likitan nan naka sunansa Yovana, yana ɗaura zani."

"Rufe mana baki, Kwaɗo." Eufemio bai ɗauke ido daga kan ɗana ba. "Yaro, a hannun nan ka yi fitsari ranar da Fada ya zuba maka ruwa. Ban yar da kai ba. Yau kai ne za ka mayar mini da kofi a gaban yarana?"

"Compadre, saurara," na ce. "Ni na haife shi. Jinin da ke jikinsa daga nawa aka ɗiba. In na sha, ya sha. A bikin garin Mórrope na taɓa ganin mace ta yi wa mijinta gurgu rawa, kowa ya ce ya yi rawa."

Wani ya tuntsire da dariya, sai saura suka bi. Eufemio ya shafa gemu, na ga abin ya fara ba shi sha'awa.

"Kai da labaran nan naka. To, an yarda. Amma a cika shi har baki, naka da nasa, kowane zagaye. Ba ɗigarwa a ƙasa, ba zuwa bayan gida a ɓace. In ka gaza, mai kofi ya karɓi kofinsa."

"Baba, kada ka yi," in ji Nicanor a kunnena.

"Yi shiru. Kiret uku ne kawai, ga mutane da yawa."

*

Na manta da mai babur. Ana tsakiyar kiret na biyu matar gidan ta aika, sai ga shi ya sauke wasu a gindin bango, ya koma ya ƙaro. Maƙwabta suka fito da kujerunsu suka zauna kallo. Labari ya bi layin cewa tsohon mai keke yana sha wa ɗansa.

Ni ba mashayi ba ne. Kofi ɗaya a bikin baftisma, ɗaya a makoki, iyakata ke nan, don mai ɗaukar gilashi a kan taya biyu ba shi da ikon layi. Zagayen farko-farko sanyi kawai na ji. Daga nan cikina ya cika tim, kamar an ɗura mini ruwan magudana. Kofin ya riƙa dawowa da sauri fiye da yadda ya tafi. Na fara zargin akwai kofi biyu, ɗaya suna ɓoye shi a baya.

"Na Bishop!" in ji Kwaɗo, yana cika mini da kansa. "Yanzu na Fasto! Cika shi, kada a cuci bawan Allah!"

"Baba, ya isa. Zo mu tafi."

"Ya faɗi sunayen?"

"Bai faɗa ba."

"To tsaya."

Titin ya fara karkata zuwa makabarta. Na ga ungulaye a jere a kan bangonta, sun buɗe fukafukai suna shan iska, sai na ga kamar su ma da'ira suka yi, suna jiran a miƙa musu. Fuskokin simintin nan suka riƙa matsowa suna ja da baya, bakuna jajaye suna buɗewa. Wani abu ya riƙa dukan ƙirjina daga ciki, ba daidai ba, kamar ɗan tsako a cikin kwali. Tsoro ya kama ni, ba na mutuwa ba. Tsoron in faɗi kafin Eufemio ya buɗe baki, kofin ya wuce kaina. Na dafa kafaɗar Nicanor, na manta ita ce mai ciwon, na ji ya ɗauke numfashi amma bai motsa ba.

"Compadre," na ce, harshena ya yi nauyi, "faɗi mutanen Pítipo mana. Rana na yi."

"Ina saurin yake? Ai yanzu aka fara. Ko ka gaji?"

"Ban gaji ba."

"Don Cleto namiji ne!" wani ya yi ihu daga cikin 'yan kallo. Aka yi tafi. Mata a bakin ƙofofi suna dariya suna rufe baki da gefen riga.

Marata ta ɗaure kamar dutse. Na matse ƙafafu. Na tuna an ce ba zuwa bayan gida, na ce a raina zagaye ɗaya kawai, sai kuma ɗaya. Na shanye nawa. Kwaɗo ya cika na Nicanor har yana zuba a yatsuna. Na ɗaga shi, giyar na tsiyaya ta gwiwar hannu. Sai na ji ɗumi yana bin cinyata, yana gangarawa, yana shiga takalmi.

Kwaɗo ne ya fara gani.

"Kai! Ku duba! Bishop ya yi wa titi baftisma!"

Dariyar da aka yi ban taɓa jin irinta ba, har wani ya faɗo daga kan benci. Tafin ɗazu ya koma wani abu daban. Na ji muryar wata mata a sarari: "Tir! Tsoho da furfura, da rana tsaka, a gaban yara. Ba kunya." Wata ta ja 'yarta ciki ta rufe ƙofa. Ruwan ya bi ƙurar siminti ya yi wata doguwar hanya zuwa tsakiyar da'ira, maza suna ɗage ƙafafu.

Ban saki kofin ba. Na kai shi baki, haƙorana suna bugun gilashin.

Sai wani hannu ya rufe nawa.

"Kawo, Baba."

"A'a."

"Kawo."

"Nicanor, don girman Allah. Don uwarka da ke kwance a bayan bangon can."

Ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar yadda ake karɓe wuƙa daga hannun yaro. Ya matsa ya tsaya a gabana, bayansa ya tare ni daga idon mutane. Ya ɗaga kofin wajen Eufemio.

"Lafiya, Padrino."

Daga inda nake, gefen wuyansa nake gani. Ƙashin ya hau, ya sauka. Ya hau, ya sauka. Na ƙura wa jijiyar da ke gefensa ido, ina jiran in ji ƙarar fashewa, don a raina na ɗauka abin zai yi ƙara. Ya shanye, ya yarfe kumfar, ya miƙa wa na damansa.

Ba abin da ya faru. Ya tsaya da ƙafafunsa. Ya lashe leɓensa na sama, ya lumshe ido na ɗan lokaci, irin lumshewar wanda ya dawo daga doguwar tafiya ya ji ƙamshin ɗakinsa. Wannan ya fi jinin ba ni tsoro.

Titi ya ɗauki ihu. Eufemio ya rungume shi yana bubbuga masa baya, ƙurar siminti na tashi.

"Ɗana ya dawo! Kun gani? Ina likitan? Litinin da sassafe, kai ne na farko a motar Pítipo. Kwaɗo, buɗe wata!"

"Bari in kai tsoho gida tukuna, Padrino."

"Kai shi, kai shi. A sa masa wando." Ya dube ni, ya sassauta murya kamar mai tausayi. "Compadre, shan giya ba na kowa ba ne."

*

A inda nake ɗaure kiret ya zaunar da ni. Ya cire rigarsa ya rufa mini a cinya, ya kama kan keken yana turawa da ƙafa, hannu ɗaya a bayana kada in zame. Rana ta karkata, iskar yamma ta taso tana kaɗa ledoji. Wandona ya yi sanyi ya manne.

Labari ya riga mu. Duk da'irar da muka wuce sai an miƙe.

"Nicanor! An ce ka warke! Zo ka karɓi ɗaya!"

"Anjima," yake cewa. "Anjima."

"Wancan kuma wane ne, Don Cleto? Kai, tsoho ya lalace. Dama mai yawo da ita wata rana sai ta kama shi."

Na jingina goshina a jikinsa. Fatar tana da zafi, tana warin siminti da zufa, da wancan warin kuma a ƙarƙashi.

"Guda ɗaya ne kawai ka sha," na ce. "Guda ɗaya ba komai. Doña Peta ma ta faɗa."

"Eh, Baba."

"Kana jin wani abu a wuya?"

"Ba na jin komai."

"In ka ji ɗanɗanon ƙarfe a baki ka gaya mini."

"Riƙe da kyau, ga rami."

Yovana na tsaye a ƙofa. Ta dubi rigar da ke cinyata, ta dubi takalmina, sannan ta dubi mijinta. Ba ta matsa kusa da shi ba, ba ta bukatar shinshina bakinsa. Suka kama ni su biyu suka shigar da ni, suka zaunar a kujerar tsakar gida. Nicanor ya durƙusa ya cire mini takalmi, ya ɗauraye su a famfo, ya jingina a bango.

"Na samu aikin Pítipo," ya ce mata.

"To."

"Za a daɗe ana yi. Har da kwana a can."

"To."

Ya tsaya yana goge hannu a wando. Daga nesa iska na kawo kiɗan layin makabarta, yana zuwa yana ɗaukewa.

"Kwalaben Doña Peta suna can," ya ce. "Dole a dawo mata da su yau. Baba ba zai iya ba."

"Gobe ma rana ce, Nicanor."

"Za su fasa su. Yanzu zan dawo."

Na yunƙura zan tashi, ƙafafuna suka ƙi. Na buɗe baki, abin da ya fito ba magana ba ne. Ya ɗauki wata rigar daga kan igiya, ko bushewa ba ta gama yi ba, ya saka yana tafiya. Na ji ƙarar sarƙar keken a waje, na ji tana nisa, da sauri fiye da yadda nake tuƙa shi.

Yovana ta tsaya a tsakar gida har ƙarar ta ɓace. Ba ta yi kuka ba. Ta kira 'yarta daga ɗaki, ta ce ta ɗauki littattafanta ta je ta kwana gidan innarta. Da yarinyar ta fita, sai ta juye sauran wankin da ke cikin babbar robar a kan dutse, ta ɗauraye robar, ta goge ta da kyau. Ta ciro tsofaffin tawul guda biyu, masu duhun launi da ba sa nuna jini, ta ninke. Ta shiga da su ɗaki. Ta ƙofar da ke buɗe na ga ta ajiye robar a ƙasa, a gefen gadon da Nicanor yake kwana, ta ɗan tura ta da ƙafa har ta zo daidai inda kansa zai kasance.